Gwaji ya ce faifan lafiya lau, amma da rana sabar sai ta kwanta

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina kula da wata 'yar sabar a kantin sarin magunguna a nan Kano. Ubuntu ce a kanta, MySQL ke riƙe da lissafin kaya da rasit, kwamfutoci tara ke shiga cikinta. Faifan SSD biyu ne na SATA, an haɗa su RAID 1, wato kowanne kwafin ɗayan ne. Da safe garau take. Daga sha biyu zuwa la'asar kuwa, lokacin da 'yan sari suka yi cincirindo, rasit ɗaya sai ya yi daƙiƙa goma bai fito ba, Alhaji kuma yana ta kallona kamar ni na danne shi. Na gwada da dd, manhajar Linux mai kwafar bayanai, na rubuta fayil mai gigabait ɗaya, ya nuna mini sama da megabait 1000 a daƙiƙa. To in faifan na gudu haka, ina matsalar take? Ta yaya zan shirya gwajin da zai matse shi ya faɗi gaskiya?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, lambar da ka kawo ita ta tona asirin gwajin. SATA III gigabit 6 ne a daƙiƙa, wato megabait 600 a takarda, a zahiri wajen 550. Faifanka ba shi da hanyar da zai bi ya kai 1000. Abin da ya faru, Linux ya karɓi rubutun ya ajiye a RAM ya ce maka an gama, faifan ko labari bai ji ba tukuna.

Ko da lambar daidai ce ma, ba haka MySQL ke aiki ba. dd na zuba bayanai ne a jere kamar mai juye buhu. InnoDB kuwa, injin da ke ajiye wa MySQL bayanai, shafi-shafi yake tsinta, kowanne kilobait 16, nan ɗaya can ɗaya. Kafin ka matsa wa komai, gobe da rana ka buɗe `iostat -x 5` ka zauna ka kalla. Idonka kan r_await da w_await, su ne jinkirin da kowane karatu ko rubutu ke yi. Kada %util ya ruɗe ka, a SSD yana iya nuna 100 alhali da sauran ƙarfi, don yana aiki da yawa a lokaci guda.

Bayan an tashi kanti sai ka ɗauko fio, abin gwada faifai wanda Jens Axboe ya rubuta:

`fio --name=gwaji --filename=/data/gwaji.dat --size=20G --rw=randrw --rwmixread=70 --bs=16k --direct=1 --ioengine=libaio --iodepth=16 --runtime=1800 --time_based`

direct=1 ɗin nan shi zai hana RAM shiga tsakani. Kuma don Allah fayil za ka ba shi, kamar yadda na rubuta. In ka kuskura ka sa /dev/sda a wurin, lissafin Alhaji na shekaru ya tafi kenan. Ka kwafe rumbun bayanan zuwa wani wuri kafin ka fara.

Wata 'yar'uwa: Injiniya ya yi daidai, amma ni ba a nan nake zargi ba. Da wuya kwamfuta tara su cika layin aiki 16 da ya sa a iodepth. Rasit na tsayawa ne a wurin tabbatarwa: a tsarin da MySQL ke zuwa da shi, duk cinikin da aka rufe sai ya tilasta wa faifai ya sauke rubutun har ƙasa kafin ya amsa. Wannan shi za a auna:

`fio --name=tabbaci --filename=/data/tabbaci.dat --size=1G --rw=write --bs=4k --ioengine=sync --fdatasync=1`

SSD na sabar yana da kafasito a ciki da zai ƙarasa rubutu in wuta ta ɗauke, shi ya sa yake amsawa nan take. Na kwamfutar gida ba shi da shi, sai ya rubuta da gaske. A kwali gudunsu kusan ɗaya, a wannan gwajin kuwa tazarar kamar ta mai keke da mai mota ce. Kuma kada ka kalli matsakaici. Ka nemo layin 99.00th a sakamakon, wato jinkirin da kashi 99 cikin ɗari na rubutun ba su wuce ba. Kwastoman da ke tsaye ba ruwansa da matsakaici, rasit ɗin da ya maƙale shi ya sani.

Wani ɗan'uwa: Ku kuna ta dogon lissafi. Ya mayar da innodb_flush_log_at_trx_commit, saitin tabbatar da rubutu a MySQL, zuwa 2 kawai, yau ɗin nan zai ga canji.

Wata 'yar'uwa: Zai gani kam. Amma da 2, in wuta ta yanke sabar ta mutu, cinikin kusan daƙiƙa ɗaya na ƙarshe na iya ɓacewa, an ba mutum rasit amma babu shi a lissafi. Da irin wutar NEPA tamu? Sai in yana da UPS da ya yarda da batirinta.

Wani dattijo a harkar: Ɗana, ban ji ka faɗi inda sabar take zaune ba. Ka ce da rana ne take yi, kowa ya tafi kan cunkoso, ni kuma zafi na tuna. Yawancin SSD na gida iyakarsu digiri 70, in suka doshi nan da kansu suke rage gudu. `smartctl -a` tare da sunan faifan zai nuna maka zafin. Ka duba da bakwai na safe, ka sake da biyu na rana.

Rabin awar da Injiniya ya sa ma da dalili. Irin waɗannan faifan suna da wani ɗan sashe mai sauri da suke fara zubawa a ciki, in ya cika sai gudun ya faɗi. Gwajin minti ɗaya ba ya kaiwa can. Ka ƙara `--write_bw_log=gudu --log_avg_msec=1000`, za ka ga daidai daƙiƙar da ya rushe. Sannan faifan ya cika nawa? Wanda ya kusa cika ba ya rubutu da sauri.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, ka kama ni. Sabar tana cikin sito ne, ƙarƙashin kwano, kusa da katan-katan na ruwan allura, ko fanka babu. Faifan kuma na gida ne, sun cika kashi 88. Na kalli iostat yau, karatu bai motsa ba, w_await ne ke tsalle da rana. In saya na sabar kawai?

Injiniya: Tukuna. Yanzu abin zargi uku ne: zafi, cikowa, da tabbatar da rubutu. In ka gyara su gaba ɗaya ba za ka san wanda ya warke ba. Ranar Juma'a da kanti ke rufe da rana, ka yi gwajin 'yar'uwarmu sau biyu, da sassafe da kuma bayan an sauko masallaci, ka rubuta zafin kowane lokaci. Sai ka fito da sabar daga siton nan ka maimaita. Sannan ka buga `sudo fstrim -av`, wanda ke sanar da SSD wuraren da aka riga aka goge, ka sake. Ka kawo mana layin 99.00th na duka huɗun, daga nan mu san ko za a je wa Alhaji da maganar kuɗi.