Abin da aka tattauna kan kwangilar farashin gaba a kasuwar hannun jari

'Yan uwa mazauna Legas, ga abin da na tsinto daga doguwar muhawararmu kan kwangilar farashin gaba, wato yarjejeniyar saye ko sayar da abu a wata rana mai zuwa kan farashin da aka tsayar tun yau.

1. Kusan kowa ya yarda amfaninta shi ne kariya. Mai shigo da kaya ta Apapa yana iya ƙulle farashin dala tun yau don biyan da zai yi bayan wata uku. Da yawa sun tuna yadda naira ta faɗi bayan an bar kasuwa ta tsayar da farashinta a Yunin 2023, wanda bai kare kansa ba ya ji a jikinsa.

2. An tunatar cewa Babban Bankin Najeriya da kasuwar hada-hadar kuɗi ta FMDQ sun fara irin wannan kwangila kan dala a 2016, kasuwar hannun jari ta Najeriya (NGX) kuma ta buɗe tata a 2022 kan ma'aunin NGX 30, mai auna farashin hannun jarin manyan kamfanoni 30.

3. Inda aka rabu shi ne hukuncinta a Musulunci. Wasu sun ce caca ce da garari (rashin tabbas a ciniki), tunda galibi ba kaya ake miƙawa ba, bambancin farashi kawai ake biya. Wasu suka kawo cinikin salam, inda ake biya gaba ɗaya a karɓi hatsi daga baya, suka ce shi ya dace da 'yan kasuwar kayan abinci ta Mile 12. Ni ma nan na fi karkata, amma a tambayi malamai.

4. Gargaɗi: ɗan kuɗin jingina kaɗan ake ajiyewa a shiga babbar kwangila, shi ya sa asara kan yi yawa idan farashi ya juya. A tabbatar dillali yana da rajista da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari.