Gurgu Ne Ni, Ba Mahaukaci Ba: Yadda Ta Kaya a Zauren 'Yan Unguwa

Mai Gyaran Waya: Assalamu alaikum jama'a. Yau sai na amayar da abin da ke cikina, wanda zai ji haushi ya ji. Mutanen Maradi kun iya yabon gurgu, amma ba ku iya ba shi ɗiya ba. Duk wanda ya zo rumfata sai ya ce "kai, ka fi masu ƙafa zuciya, Allah ya yi maka albarka." To na nemi yarinya a Sura Bildi. Tana so na, uwarta ta sani, na kai gaisuwa an karɓa. Jiya magabatana suka je, baffanta ya ce a ba su lokaci su yi shawara, bayan isha'i sai ga yaro da kayan gaisuwar cikin buhu. Wai suna gudun kada jikokinsu su zo suna jan gindi. Shan inna ce ta kama ni ina ɗan shekara 3, ba haka aka haife ni ba. Ba na bara, ni ke biyan hayar rumfata, yara 2 nake koya wa aiki. Gurgu ne ni, ba mahaukaci ba, balle a ce ana tsoron in cuci ɗiyar mutane.

Ɗan Kabu-kabu: Allah ya ba ka haƙuri maigida. Matar mutum kabarinsa, in taka ce ko a Dakwaro aka ɓoye ta sai ta zo.

Uwar Biyu: Ayya ƙanena, wallahi har na ji ƙwalla. Cikin buhu kuma? Ko kwano ba su samu ba?

'Yar Bagalam: Sannu da abin da ya same ka, Yaya, amma ka janye maganarka ta ƙarshe. Wa ya ce maka wanda kuke kira mahaukaci cutar 'ya'yan mutane yake yi? Ni nan maganin ƙwaƙwalwa nake sha, ina zuwa ganin lokotoro a kan lokaci, ina ɗinkina, ba wanda na taɓa jifa. Kai an maido maka kaya, ni kuwa wanda ya yi mini alkawari ranar da ya ga kwalin magani a jakata ya daina ɗaukar wayata. An danne ka, sai ka waiwaya kana neman na ƙasa da kai ka danne.

Mai Gyaran Waya: Ƙanwata ban san da ke ba, kuma ba ke nake nufi ba.

'Yar Bagalam: Su ma baffannin in ka tambaye su cewa za su yi ba kai suke nufi ba, jikoki suke nufi.

Ɗan Kabu-kabu: Haba Hajiya, kin ɗauko da zafi. Mahaukaci shi ne wanda ke yawo bakin tasha da tsummokara yana zance shi kaɗai. Ke da kike rubutu tsaf haka ai lafiyarki lau.

'Yar Bagalam: Shi na bakin tashar daga sama ya faɗo? Yana da uwa, yana da suna. Bambancina da shi, ni an kai ni likita, shi an ɗaure shi a turu har ya tsinke.

Malamin Zaure: Ku tsaya, maganar bawan Allah nan tana da asali a littafi. A mazhabar Malikiyya da muke bi, aibobin da ke ba da zaɓin warware aure an lissafa su: hauka, kuturta, albaras, da lalurar da ke hana kusantar juna. Duk wanda ya karanta Risala ya wuce wurin. Gurguntaka ba ta ciki, makanta ba ta ciki. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, shi ke kiran sallah a Madina, a kansa aka saukar da farkon Suratu Abasa. Amru ɗan Jamuhu gurgu ne mai iyali, da ɗingishinsa ya fita Uhudu ya yi shahada. Don haka da ya ce shi ba mahaukaci ba ne, iyakar da malamai suka shata ya nuna.

Mushe: Malam, a gafarce ni, ka karanto rabi ka rufe littafi. Zaɓin nan ai ga wanda aka ɓoye wa ne. Wanda ya sani ya yarda ya shiga, ba shi da ta cewa daga baya. Kuma malaman sun ce in ana fatan warkewa a jinkirta shekara guda a nemi magani. Kuturtar da ka ambata, yau a asibitin Danja nan kan hanyar Dan Isa ana maganinta, wata 6 zuwa 12 na shan ƙwayoyi mutum ya rabu da ƙwayar cutar.

Malamin Zaure: Mushe, ka tsaya ga allon lekol ɗinka. Ban zo ajinku na gyara muku lissafi ba.

Mushe: Ni ma a zaure na fara kafin lekol, Malam. Wanda ya karantar da kai ƙanen kakana ne.

Uwar Biyu: Ni dai a bar kiran kowa mahaukaci. Da yawa ba hauka ba ne, mutanen ɓoye ne. Ɗiyar maƙwabciyarmu kwana kaɗan da haihuwa ta fara surutai, ta ƙi jaririn, aka yi ta ruƙiyya da hayaƙi, ga ta nan ta warware.

Majo: Hajiya, wannan da kika faɗa muna da shi a aikinmu na asibiti, ruɗewar da ke kama wasu mata cikin jego. Da magani tana sauka, amma in an bar mace a ɗaki ana hayaƙi kawai, tana iya yi wa kanta ko jaririn illa. Ban hana addu'a ba, ni ma ina yi, a dai haɗa da likita. Abin da ke ba ni takaici, mu Hausawa jaka ɗaya muke zuba kowa. Mai farfaɗiya mahaukaci, alhali ciwonsa daban ne kuma ba a ɗauka ta yawu. Mai ciwon damuwa da ya daina cin abinci mahaukaci. Yaron da tramol ya juya wa kai mahaukaci. A ƙididdigar 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 1 cikin 8 a duniya yana tare da wata lalurar ƙwaƙwalwa, mafi yawansu damuwa ce da fargaba, suna zuwa kasuwa suna dawowa ba ka sani ba.

Bagobirin Tsibiri: 1 cikin 8? To Majo ƙirga muna, cikin zauren ga mu nawa ne? Ni dai na ga Bazabarme guda, an samu na hwarko.

Bazabarme Baƙon Maradi: Ji bawana yana magana. Ku Gobirawa ku za a kama da laifin ƙafar bawan Allah nan. Shan inna aka ce, kuma duk ƙasar nan wa ke da Inna a fada in ba ku ba? Ku maido masa ƙafarsa ya je ya yi aurensa.

Bagobirin Tsibiri: Innar Gobir sarauta ce, kai mi ka sani ga sarauta? Tahi ka ci kopto ka bar manya su yi magana.

Majo: Ku bar wasan nan, wani zai ɗauka gaske ne. Shan inna ƙwayar cuta ce, ta baki take shiga, ta ruwa ko abincin da ƙazanta ta taɓa. Ba a gadonta ko kaɗan. Gurgun shan inna zai haifi ɗa ya yi tsere da kowa. A watan Agusta na 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da nau'in cutar na asali, albarkar ɗigon da ake yi wa yara. In baffan nan jikoki yake ji da gaske, gwajin sikila ya kamata ya nema. In miji da mata duka AS ne, wato suna ɗauke da gadon sikila a jini amma ba su da ciwon, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi mai ciwon. Wannan kam gado ne, amma sai ka ga an ɗaura aure ba wanda ya tambaya, saboda ango ya zo da ƙafafunsa da mota.

Ɗan Kabu-kabu: Majo, ɗigon nan fa ni har yau ban natsu da shi ba. Ba a banza Kano ta tsayar da shi a 2003 ba.

Majo: Ta tsayar, ta kuma dawo da shi a 2004, bayan cutar ta fantsama har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Kai da ke ɗauko fasinja daga iyaka kullum, kai ya kamata ka fi kowa tsoro.

Ɗan Kabu-kabu: Ku dai ana biyan ku kuɗin yawon gida-gida, dole ku yaba.

Majo: Na yi ritaya, yaro. Uwarka ta san wanda ya yi maka allura kana tsumma.

Mai Gyaran Waya: Jama'a, maganar yarinyar fa? Shawara na zo nema, in sake tura manya ko in haƙura?

'Yar Bagalam: Ka fara janye kalmar tukuna.

Malamin Zaure: Ba zai janye abin da ke cikin littafi ba. Ke kuma ɗiyata, tambaya ɗaya: shi saurayin, kin gaya masa tun farko ko sai da ya gani da idonsa? In ɓoyewa kika yi, ba shi da laifi.

'Yar Bagalam: Malam, a wace rana ake faɗa? Ranar da ya fara sallama ƙofar gidanmu in ce masa ga kwalin maganina? Kafin la'asar duk Bagalam ta ji. Na bari ne in ga kamun ludayinsa, niyyata in gaya masa kafin manya su shiga. Shi Yaya ai tasa a fili take, ba ya kwana yana tunanin yadda zai buɗe baki. Mu kullum cikin lissafi muke: in ka faɗa da wuri a gudu a kuma yi da kai a gari, in ka jinkirta a ce ka yi ha'inci. Na san wadda ta bar shan maganinta saboda kada dangin miji su gani a ɗakinta, ciwon ya dawo mata ana tsakiyar zaman amarci.

Majo: Wannan shi ne babban haɗari. Ba a yanke maganin nan kai tsaye sai da shawarar lokotoro.

Mushe: Kuma doka tana bayansu duka biyun. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, ta ƙunshi 'yancin aure da kafa iyali, kuma ba ta ware masu lalurar ƙwaƙwalwa ba. Akwai ma kason kashi 5 cikin 100 na guraben aiki da dokar ƙasa ta tanadar musu.

Bagobirin Tsibiri: Mushe, kai wa baffan takardar Majalisar Ɗinkin Duniya ka gani in za ya ba ka ɗiya. Waliyyi ba ya jin Faransanci.

Uwar Biyu: Ni fa wata dabara ta zo mini. Tunda ku biyun nan kowa an yi masa, kuma kowa na da sana'a, me zai hana ku daidaita? Ni zan tsaya a matsayin uwa, gara ma ku rufa wa juna asiri.

'Yar Bagalam: Inna, da girmanki. Mu ragowar tumatirin yamma ne da za a haɗa kashi biyu a sayar da araha? Da lafiyayyu biyu ne suke faɗa a nan, za ki ce su je su yi aure?

Mai Gyaran Waya: A nan kam na bi bayanta. Ni akwai wadda nake so, ba cewa na yi a nemo mini ko wace ce ba.

Uwar Biyu: Daga taimako sai zagi? Shi ke nan, na yi shiru. Amma 'yan matan yanzu bakinku shi ke korar maza, ba magani ba.

Ɗan Kabu-kabu: Kun ga irin abin da ake gudu ke nan. Magana kaɗan ta hau sama.

'Yar Bagalam: Malam ya yi fushi da Mushe, Majo ya ambaci uwarka, ba ka ce sun hau sama ba. Ni ce in na ɗaga murya sai a ce ciwon ne ya motsa.

Bazabarme Baƙon Maradi: Wannan gaskiya ce, ko Bagobiri ya gane ta.

Alhaji Mai Gyaɗa: To ya isa haka. A matsayina na wanda ya buɗe zauren nan, ga abin da aka tsayar. Na farko, kowa ya yarda yaron nan mai neman na kansa ne, Allah ya ƙara buɗi, ya ba shi wadda ta dace da shi. Na biyu, Malam ya kawo hujja daga littafi cewa kalmar da ya faɗa tana da gurbi a shari'a, ba a kuma kawo abin da ya ture ta ba. Na uku, mafi rinjaye sun tafi a kan cewa uba da baffa su ke da ikon duba wa ɗiyarsu, ba a yi musu dole. Mutumin da ake ta zagi a nan sahunmu ɗaya a masallaci, tare muke awo a kasuwa tun kafin a haifi wasunku, ban taɓa jin ya ci haƙƙin kowa ba, kuma buhun da ake ta magana sabo ne. Maganar Majo ta gwajin jini mai kyau ce, sauran kuwa zancen asibiti ne, ba nan ne wurinsa ba. Ita ɗiyarmu ta Bagalam muna yi mata addu'ar sauƙi, ta kuma rage zafi, ta nemi gafarar Hajiya Uwar Biyu.

Mushe: Alhaji, wane rinjaye? Na koma sama na ƙirga, ba wanda ya goyi bayan baffan sai kai.

Alhaji Mai Gyaɗa: Waɗanda suka yi shiru su ma ra'ayi gare su. Na rufe rubutu sai bayan sallar asuba, mai sanarwar biki ko rasuwa ya kira ni a waya.