Tafkin Madarunfa: ya cancanci a kai iyali yawon buɗe ido?

Bakatsine:
Salamu alaikum jama'a. Ina so bayan sallah in kai maiɗakina da yara gidan ƙanwata a Maraɗi, sai mijinta ya ce lallai mu leƙa tafkin Madarunfa. To ni ruwan da na sani shi ne dam ɗinmu na Jibiya. Wannan ɗin tafki ne na Allah da Annabi ko shi ma tare shi aka yi? Ana shiga kwalekwale? Babban yarona ya matsa sai ya yi iyo, shi ne abin da ya fi damuna.

Ɗan Gulbi:
Wa alaikumus salam Malam. Ba dam ba ne, kwari ne da ruwan gulbin Gabi da ambaliyar gulbin Maraɗi ke cika shi da damina. Gulbin Maraɗin ma daga wajenku yake fitowa, shi ne kuka tare a Jibiya, shi ya sa manoman rani na nan suke kasa kunne su ji yaushe za a saki ruwa. Daga Maraɗi bai kai kilomita 30 ba, ta kudu.

Girmansa kuwa ya danganta da watan da ka zo. Bayan damina yana kai eka 800 irin tamu ta Nijar, wato hekta 800, ruwa har gindin kukoki. Ka zo a watan huɗu ko na biyar, sai ka taka busasshen laka mai tsattsagewa kafin ka isa bakin ruwa, inda ruwan ya janye duk an dasa kayan lambu. Ni da so samu ne ka zo da sanyi. Lokacin ne tsuntsayen Turai ke sauka, ga kirinjijiya garke-garke suna fito da asuba.

Kada ka sa ran rumfunan shaƙatawa da kujeru. Wurin neman abinci ne. Masunta za su ɗauke ku a kwalekwale in kun daidaita, amma ku gama ciniki tun kuna tudu. Ka zo da tabarmarka, ka sayi karfasa ko tarwaɗa a hannun mata masu suya, mai zafi, da yaji a takarda.

Hajiya Mai Jinya:
Ɗana, batun iyo ka cire shi. Ruwa ne kwantacce, kuma irin sa ne dodon koɗi mai ɗauke da tsargiya ke so. Yaro ya yi wanka yau, bayan makonni ka ga jini a fitsarinsa. Ga taɓo a ƙasa mai riƙe ƙafa, ga ragar masunta da ba a gani. Kada ganin yaran gari suna tsalle ciki ya ruɗe ka, mu ne muke ba su magani.

Almajirin Shehu:
Ba wanda ya ambaci kaburburan waliyyai 99 da aka ce suna kewaye da tafkin! Saboda su da dajin da ke gefe ne Nijar ta sa wurin cikin jerin wuraren tarihi da ta miƙa wa UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2006. Da Mauludi jama'a na zuwa ziyara. Ko ba ka cikin masu ziyara, ka ja wa yara kunne kada su hau kai.

Bakatsine:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, na karanta wa yaron, ya tura baki. Ɗan Gulbi, hanya fa? Muna jin labarin 'yan bindiga ta wannan yankin.

Ɗan Gulbi:
Ƙauyukan bakin iyaka sun sha fama, ba zan ɓoye maka ba. Ku fito da hantsi, ku juya kafin la'asar, kuma surukinka ya tambayi direbobin tasha ranar da za ku tafi.