Neman shawara: in an rubuta sunana a Google wani mutum daban ke fitowa, ya zan yi?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema kan wani abu da ya hana ni barci kwana biyun nan. Sana'ata zanen gine-gine ce, kuma yawancin masu ba ni aiki ba mu taɓa haɗuwa ba, wani ne ke ba su lambata. Makon jiya mun gama magana da wani bawan Allah har mun daidaita, saura ya turo kuɗin somin aiki, sai na ji shiru. Bayan kwana 3 na tuntuɓe shi sai kawai ya turo min hoton allon wayarsa, ashe sunana ya rubuta a Google, abu na farko da ya fito labarin wani ne mai irin sunana sak har sunan uba, ana zarginsa da damfara, kuma babu hoto a labarin balle a gane ba ni ba ne. Na yi bayani na yi rantsuwa, ya ce ba komai, amma aikin dai ya tafi.

Da daddare na zauna na rubuta sunan da kaina. Shafin farko babu ni, na biyu babu ni, sai can ƙasan na uku na ga Facebook ɗina da hoton da na sa tun ina makaranta. Shekara 9 ina wannan aikin amma a intanet kamar ban taɓa zana ko ɗaki ɗaya ba. Yanzu wani ya ce in biya shi zai goge labarin cikin sati ɗaya. Gaskiya ne ana iya yi? In ba a yi, ta ina zan fara?

Wani ɗan uwa:
Wa alaikumus salam. Allah ya musanya maka da mafi alheri. Amma kar ka ba shi ko sisi, labarin ba a hannunsa yake ba, yana shafin waɗanda suka buga shi ne.

Wani mai harkar gina shafukan intanet:
Malam ka kwantar da hankalinka, matsalarka tana da magani sai dai ba na sati ɗaya ba ne. Google ba ya san mutane, rubutu yake karantawa, in aka rubuta suna sai ya duba shafukan da sunan ya fito ya jera su gwargwadon yadda shafin ya dace da abin da ake nema da kuma yadda wasu shafuka ke nuni zuwa gare shi, tun 1998 da aka kafa kamfanin wannan maganar link ɗin tana cikin tushen aikinsu. Shi wancan labarin yana kan shafi mai ƙarfi, kai kuma ba ka ajiye komai ba, to me kake so a nuno? Aikinka yanzu shi ne ka cika shafin farko da abubuwan da naka ne har labarin ya gangara ƙasa.

Fara da LinkedIn, dandalin nan na ma'aikata da masu sana'a, don shi yana saurin hawa sama in ana neman sunan mutum. Cikakken sunanka, hotonka na yanzu fuska a fili, a ƙarƙashin sunan ka rubuta sana'arka, ka shiga saiti ka buɗe furofayil ɗin ga kowa, sannan ka gyara adireshinsa ya zama sunanka maimakon lambobin nan da suke liƙa masa. Facebook ma akwai wani waje a saitin sirri da ke tambaya ko ka yarda injinan bincike na waje su nuna furofayil ɗinka, ka duba shi, kuma ka canza wannan hoton na makaranta yau ɗin nan.

Babban makamin dai shi ne shafi naka na kanka, adireshin ya zama sunanka. Ba sai ya yi girma ba, shafi 3 ko 4 sun isa, taken shafin farko ya zama sunanka da sana'arka, sai taƙaitaccen tarihinka, sai hotunan zanen da ka yi. Su hotunan kar ka ɗora su da sunan da kamara ta ba su irin IMG da lambobi, ka sake musu suna da sunanka da abin da ke ciki, ta nan ne za ka fara fitowa a ɓangaren hotuna. In ka gama ka yi rajistarsa a Search Console, wato dandalin Google na masu shafukan intanet, kyauta ne, ka roƙi Google ya zo ya karanta shi. Sannan kowane akawun naka ya ɗauki link ɗin shafin, shafin ma ya ɗauki nasu, don a gane duk mutum ɗaya ne.

Wata 'yar uwa:
Yaya bari in ƙara abu ɗaya da ya taɓa ba ni wahala. Ka duba yadda kake rubuta sunanka. Ni nawa iri 3 ne ashe, a takardun makaranta daban, a Facebook laƙabi, a imel kuma na gajarta shi, sai ya zama ɗan abin da nake da shi ya rarrabu. Mu kam kun san halin sunayenmu, wani Muhammad wani Mohammed wani Muh'd. Ka zaɓi guda ɗaya ka tsaya a kai ko'ina, har kan katin sana'arka da ƙasan kowane zane. Kuma tunda ku biyu kuna raba suna da sunan uba, ka ƙara na uku, na kaka ko na iyali, sai ka zama kai kaɗai ke da wannan jerin. Ni da na yi haka sai da aka kwashe wajen wata 4 kafin na ga canji, kullum ina dubawa ina jin haushi, amma ya zo.

Wani memba:
Ni a ganina ka buɗe akawun kamar 20 da sunanka, sannan ka sa a rubuta maka shafi a Wikipedia, shike nan an wuce wurin.

Mai harkar gina shafuka:
A'a ɗan uwa, wannan zai ɓata masa lokaci ne. Akawun 20 da babu komai ciki ba sa hawa ko'ina, 4 masu rai sun fi su. Wikipedia kuma sai wanda majiyoyi masu zaman kansu suka riga suka yi rubutu a kansa, in ba haka ba goge shafin ake yi, kuma ba sa son mutum ya rubuta tarihin kansa. Haka masu sayar da link dubu-dubu, ya saɓa ƙa'idar Google, zai iya jawo a danne shafin nasa ma. Link ɗin da ke da amfani shi ne na gaskiya, misali ƙungiyar masu sana'arku ta sa sunanka a jerin membobinta, ko wanda ka yi wa aiki ya ambace ka a shafinsa, ko ka yi ɗan bidiyo a YouTube kana bayanin wani zane da sunanka a taken.

Wata Hajiya:
Ɗana, kan maganar gogewa. Abin da Google ke karɓar ƙorafi a kai shi ne irin lambar wayarka, adireshin gidanka, imel, lambar asusun banki, in an watsa su, har sun fito da wani tsari mai suna Results about you a 2022 don haka. A Tarayyar Turai akwai hukuncin kotu na 2014 da ya ba mutum damar neman a cire tsohon bayani a kansa daga sakamakon bincike, wani ɗan Sifaniya ne ya kai ƙarar, amma a 2019 kotun ta ce ba dole a aiwatar da shi a duk duniya ba. Naka kuma labarin ba ma a kanka yake ba. Abin da zan ce ka gwada, ka rubuta wa waɗanda suka buga shi cikin ladabi, ka ce suna ya zo ɗaya kuma yana cutar da sana'arka, ko za su ƙara wani bayani da zai bambanta ku. Suna iya ƙi, amma ba ka yi asarar komai ba. Kuma kar ka je kana ta yaɗa link ɗin labarin kana cewa ba ni ba ne, ƙara masa jama'a kake yi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gyara LinkedIn yanzun nan, na ƙara sunan kakana. To kafin abin ya hau, ya zan yi da sabbin masu kawo aiki? Kuma ya zan san ana ci gaba?

Wata 'yar uwa:
Kar ka jira su nemo ka Yaya, kai za ka riga su. Duk wanda kuka fara magana, a saƙon farko ka tura masa link ɗinka da hotonka da zane biyu ko uku, ka ce ga ni ga aikina. In ya je ya ga wancan labarin daga baya ya riga ya san fuskarka.

Mai harkar gina shafuka:
Dubawa kuma ka riƙa yi ta shafin sirri na burauza ko a wayar wani, don wayarka ta saba da kai tana iya nuna maka abin da baƙo ba zai gani ba. Sau ɗaya a sati ya isa, ka ɗauki hoton allon ka ajiye don kwatantawa. Ka kuma sa sunanka a Google Alerts, duk sabon abin da ya fito da shi za su turo maka imel. In ka gama haɗa shafin ka turo min in duba maka taken kafin ka kai shi Search Console.