Karatun kyamara da laitin a jami'a: in tafi ko in ci gaba da bin lokeshan?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum jama'a. Shekarata uku ina bin maigidana lokeshan, da jan waya na fara, yanzu har yakan bar min kyamara ta biyu. Damuwata ita ce duk abin da na iya na gani-in-yi ne, in aka ce me ya sa ka kafa fitilar nan a can ba ni da amsa. Rannan muna ɗaukar wani sin da tsakar rana, jarumin baƙi ne wuluk ga shi cikin farar shadda, in na buɗe idon kyamara don fuska ta fito rigar ta ƙone fat, in na rage don riga fuskar ta nutse, haka muka yi ta fama har la'asar kuma a editin ma bai gyaru ba. Tun ranar hankalina ya koma makaranta. Baba ya ce ya yarda in dai digiri ne. Ina zan dosa don Allah?

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam ƙanena. In digiri kake so a fim zalla to ka fara duba Jos, akwai makarantar fim ta ƙasa, NFI, wadda ke ƙarƙashin hukumar fina-finai ta Najeriya, da haɗin gwiwar Jami'ar Jos suke ba da digiri. A Jos ɗin kuma akwai kwalejin talabijin ta NTA. BUK da ABU Zariya suna da sashen wasan kwaikwayo. Amma ko ina ne ka taka da ƙafarka ka tambayi ɗalibai sau nawa hannunsu ke taɓa kyamara a zango guda, kar ka tsaya kan abin da ke takarda.
Batun shaddar kuwa, ba a kyamara matsalar take ba. Da kun ɗaura farin yadi mai shara-shara a samansa ya karya ranar, ku dawo masa da haske fuska da rifilekta, wato faifan mayar da haske, a sa gilashin ND mai rage ƙarfin haske a gaban les, da ba ku kai la'asar ba. Ni har mai kaya nake roƙo ta kawo mai ruwan madara maimakon fara ƙal, a hoto fara za ta fito.

Gafa na Sabon Titi:
Ni fa Yaya ina ganin shekara huɗu ta yi yawa ga yaron da ya riga ya samu ƙafa. Abubuwan nan ƙidayayyu ne, a ma'aunin kalar haske (Kelvin) hasken rana 5600 ne, fitilar tangistin mai haske ja-ja 3200, ka gauraya su ba ka saita ba fuska ta koma shuɗiya ko ja. Wutar lantarkinmu hatz 50 ce, wato sau 50 take juyawa a daƙiƙa, shi ya sa muke ajiye shota, saurin buɗewa da rufewar kyamara, a 1/50, in ba haka ba hoto ya dinga kyafkyafta, balle janareta na wasa. Manhajar editin ta DaVinci Resolve akwai ta kyauta, ya sauke ya koyi gyaran kala. Kafin ya dawo wani ya maye gurbinsa.

Maman Hanif:
Malam Gafa lambobin da ka kawo daidai ne, amma ai abin da yaron nan ya ce ya rasa shi ne dalili. Ni sai da na zauna a aji na gane me ya sa in ka ninka nisan fitila haske ke komawa kashi ɗaya cikin huɗu, daga nan na daina ja da matsowa da ka. Kuma baƙar fata sheƙi take mayarwa, ba ƙara mata wuta ake yi ba, faɗin hasken ake ƙarawa a tausasa shi sai ka ga goshi da kumatu sun fito da kyau, abin yana min ciwo in na ga an dallare fuskar mutum kamar hoton fasfo alhali labarin na baƙin ciki ne. A makaranta za ka ɓata sin sau goma ba furodusa a kanka yana lissafin kuɗin mai. Ka tafi ƙanena, hutu ya zo ka koma lokeshan.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Zan yi wa maigidana maganar hutun tukuna, in ya amince sati mai zuwa in leƙa Jos. Yaya Baban Ummi, yadin nan wane iri zan nema a Kwari, kuma yadi nawa zai rufe mutum biyu a tsaye?