Don Allah a taimaka, ina zan ajiye shahon nan? Gashin jelarsa sai karyewa yake

Mai Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya san harkar shaho ya taimaka min, wlh abin ya hana ni barci. Ni dama tun ina yaro nake son tsuntsun nan, kullum ina kallon bidiyon Larabawa a YouTube yadda suke sakinsa ya tafi ya dawo hannu, to ranar kasuwar garinmu na je sayo wa awakin Hajiyarmu dusa sai na tarar da wani yaro ya ɗaure shi da igiyar buhu yara sun zagaye shi suna tsokana da kara, wai a gona ya kama, muka yi ta ciniki har sai da mai dusa ya sa baki, kuɗin gyaran mashin ɗina na ba shi, kuma yayana bai sani ba har yanzu, shi kuma tattabaru yake kiwo a gidan da muke haya tare, kun ga inda matsalar take. Yanzu yana cikin tsohon kejin kaji na waya a bayan ɗaki ƙarƙashin kwano. Da ya ga mutum sai ya yi ta dukan waya, jelar duk ta kakkarye, saman bakinsa ya ɗaye har jini. Tsoka nake karɓo masa wajen mahauci, yana ci in ba kowa. In sa mai walda ya yi min babban keji ne, ko in mai da shi ɗakina? Banda masu cewa in sake shi don Allah.

Sarkin Tattabara: Innalillahi. Shaho a gidan da ake kiwon tattabara? Malam ka san abin da muke gani kuwa? Bara a kan idona ya sauko ya fige min mace tana kan ƙwai a gida, namijin ya daina ci, ƙwan ya lalace. Mu muna neman tsari da shi kai ka sa kuɗi ka sayo. Ka gaya wa yayanka yau ɗin nan tun kafin tsuntsayensa su yi ƙaura, don ganinsa kawai ya isa ya hana su sauka.

Na Doha: Ƙanina ka saurare ni da kyau, wannan aikina ne, shahunan maigidana ni nake kula da su a nan Qatar. Fitar da shi daga wayar nan yanzu, ba gobe ba. Ba a sa shaho a waya, babba ko ƙarama, don yana maƙalewa a jiki da farce ya danna jela cikin ramukan, kuma gashin da ya karye ba ya tsirowa sai lokacin da ya zubar ya sake sabo, sau ɗaya a shekara ke nan. Ɗaki ake yi masa, kamar mita 2 da rabi kowane ɓangare, bango lafiyayye na bulo ko katako, taga ɗaya da sanduna a tsaye, gora ko bututun roba mai santsi, a matse yadda kansa ba zai shiga ba. Kar ka gitta ko ɗaya. In kana tsoron muzuru ka sa raga ta waje nesa da sandunan. Ƙofa biyu, ka rufe ta farko kafin ka buɗe ta ciki, in ba haka ba ranar da ya bi ta saman kanka shi ke nan. Ƙasa yashi mai tsabta, kana kwashe kashin kullum. Kar ka kuskura ka zuba dusar katako ko ciyawa irin na kaji, da ta jiƙe take funfuna ya shaƙa ta kama masa huhu, kuma wannan ciwon ya fi komai kashe su a nan. Wurin zamansa ka lulluɓe da kafet ɗin ciyawar roba, in ya daɗe kan ƙarfe ko siminti tafin ƙafar kumbura yake ya yi ƙurji. Faffaɗan kwano na wanka mara zurfi. Sannan kwanon rufin nan, zafin Afrilu a Arewa yana wuce digiri 40, ka yi silin ko ka shimfiɗa zana a sama, mu nan da bazara a ɗaki mai AC suke. Amma tsaya, wane iri ne ma? Idonsa baƙi ne ko rawaya? Turo hoto.

Mai Tambaya: Na gode Yallaɓai. Amma wayar tawa ba mai kaifi ba ce fa, mai roba a jiki ce, kuma da daddare lafiya lau yake kwana. Ni a ganina ƙanƙantar kejin ce matsalar. Gini kuma a gidan haya, mai gidan ko ƙusa ka buga sai ya yi magana.

Maman Biyu: Hmm masu gidan haya kenan, namu saboda akurkin kaji ya ƙara mana kuɗi wai muna ɓata masa tsakar gida, alhali rufin banɗaki shekara nawa yana yoyo bai gyara ba. Ga shirwa ta ƙarar min da 'yan tsaki, maƙwabciya kuma ta ce kajina ke ci mata shanya. Ɗana ka ɗaure shi a ƙafa ɗaya a gindin bishiya kawai, inuwa ga iska.

Na Doha: Hajiya da girmanki, a'a. Ƙafa ɗaya in ya zabura gocewa za ta yi ko ta karye, kuma a gindin bishiya kyanwa ko kare su gama da shi cikin dare. Ƙafa biyu ake sa wa madauri na fata mai laushi, kowane baduku zai yanka maka, a haɗa su da ƙarfe mai juyawa irin na sarƙar kare, sai igiya zuwa gajeren turke mai faffaɗan kai. Sabon kamu ma ɗaure ake fara ajiye shi a wuri mai ɗan duhu da hular fata a kai, da ya daina gani zai natsu. Haka za ka gan su jere a kasuwar shaho ta Souq Waqif a nan Doha, ba keji ko ɗaya. Asibitinsu na nan kusa, can ake dasa musu gashi in ya karye, na Abu Dhabi kuma tun 1999 yake aiki. Har fasfo ake musu. Ba wasan yara ba ne.

Ɗalibin Likitan Dabbobi: Ni abincin ya fi damuna. Tsoka zalla ba ƙashi, in ƙarami ne ƙasusuwansa za su yi laushi. Yana buƙatar abu ɗungurungum, salwa ko ɗan tsako da gashi da ƙashi, washegari ya amayo dunƙulen gashin, lafiya ce ba ciwo ba. Ɓeran gida kar ka ba shi saboda guba. Tattabara ma ka bari, tana ɗauke da cutar da ke sa wani abu rawaya-rawaya ya toshe baki da maƙogwaro. Yashi kuma ban yarda ba, yana manne wa nama ya haɗiye, tsakuwa mai santsi ta fi.

Na Doha: Ɗalibi, karatu daban aiki daban. Duk Larabawan nan a kan yashi suke ajiyewa, a hannu ake ciyarwa ba a ƙasa ba. Tattabara kuma muna bayarwa, a cire kai da maƙoƙo a sa a firiza tukuna. Kai mai tambaya ka sayi sikelin giram, kullum a auna. In irin na duwatsunmu ne mai baƙin ido da zane a kumatu, namiji giram 500 zuwa 600, mace 700 zuwa 900. In ƙaramin nan ne mai jan ido ko rawaya da doguwar jela, reshe yake so ba turke ba. Shi ya sa nake ta cewa hoto.

Mai Tambaya: Firiza kuma, mu da ba ma samun wuta. Naman da nake ba shi sabon yanka ne kullum, ai ya fi wanda ya kwana. Kuma ni na cece shi daga hannun yara, da yanzu ya mutu.

Malam Na Zaure: Farauta da tsuntsun da aka horar halal ce, tana cikin Ma'ida aya ta 4. Sai dai ka tuna hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Wanda ya tsare dabba haƙƙinta na wuyansa. In ba ka da wurin, ka kai gidan zu na Audu Bako ka tambaya ko za su karɓa, ko ka mai da shi daji.

Abu Gandu: Ƙari a kan na Malam, tsuntsayen nan suna cikin yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa mai sa ido kan cinikin namun daji, kuma Najeriya ta sa hannu, ka je ofishin gandun daji ka ji matsayinka. Duk wanda aka saya, gobe yaron nan zai koma ya kamo wani.

Na Doha: Ya sake shi da wace jelar? Da ita yake juyawa ya tsaya a iska, a haka ko kurciya ba zai kama ba, yunwa ce za ta kashe shi. Dole a riƙe shi sai ya sake gashi, kuma ba a waya ba.

Mai Tambaya: To ni yanzu kaina ya ƙulle, wannan ya ce yashi wannan ya ce tsakuwa. Na riga na ba mai walda kafin alƙalami tun da safe, ya ce zai yi shi da faɗi sosai, zan rataya buhu ta ciki. Hoto kuma kyamarar wayata ta fashe. Ƙadangare fa, ana ba shi?

Na Doha: Buhu zai yage da farce zaren ya naɗe masa yatsu. Je ka karɓo kuɗinka. Idon nasa kuma ba sai da kyamara ba, leƙa ka faɗa min.

Sarkin Tattabara: Wai a wace unguwa kake ne? Ina so in sani kafin in saki nawa da yamma.