Ƙuri'a Daban, Daji Ɗaya

Malam Isa:
Na buɗe fage. Duk mai amsawa ya rufe baitinsa da "wa".

Da sunan Rabbu nake fara magana,
Wanda ya shimfiɗa daji da gona,
Hajiya Rabi, kin san matsayina,
Jam'iyyarki ba ta cikin raina,
Tawa kuma ke ba kya ko dubawa.

Tun zaɓen bara muke jayayya,
Kowa na cewa shi ke da gaskiya,
Sai ga mu bakin tafki da safiya,
Ga balbela, zaren koma ya shaƙe mata wuya,
Tana fiffika, ƙarfinta na ƙarewa.

Kika rungume fikafikan nata,
Kina jin bugun zuciyarta,
Ni da 'yar wuƙa na bi ƙafarta,
Zare ya ci nama har ƙashinta,
Na yanke shi, hannuna na karkarwa.

Ban ce miki wa kika zaɓa ba,
Ke ma ba ki tuna mini ba,
Bakinmu bai iya furta komai ba,
Ido dai bai bar kanta ba,
Ta tashi fara fat ta ƙetare ruwa.

Hajiya Rabi:

Malam, na karanta baitocinka,
Ban ƙaryata komai a zancenka,
Ran nan na ga ƙwalla a idonka,
Amma ban dawo kan ra'ayinka,
Kan dokar daji ina nan ina musawa.

Kai kana son doka mai tsanani,
Ga tambaya, ka amsa mani:
Giwa kan ci kilo 150 a yini,
In ta faɗa gonar mai noman rani,
Wa zai tare masa ƙofar yunwa?

Wata 22 take goyon ciki,
Ɗa guda tak ne ladan aiki,
In an harbe ta don haure ina ji a jiki,
Amma mai yunwa ba ya jin daɗin baki,
Sai ya ga riba zai tsare mana giwa.

Baba Audu:

'Ya'yana, ku tsaya ku saurara,
1973 ita ce shekara,
Amurka da Sobiyat kowa ya ɗaura ɗamara,
Amma don farar beyar ta ƙanƙara,
A Oslo takarda ɗaya suke rattabawa.

Tsakanin Koriya ta Kudu da ta Arewa,
Tun 1953 aka bar fili ba mai ratsawa,
Kilomita 250 tsawonsa in kana aunawa,
Faɗi 4, waya da nakiya na kewayewa,
Can dangin gauraka ke hunturu, ba mai korawa.

Wannan na biyun yana sosa mini rai,
Sai da ɗan Adam ya janye sarai,
Don tsoron ɗan'uwansa kaɗai,
Sannan tsuntsu ya sami wuri daidai,
Ni ban so mu kai can kafin mu yi farkawa.

Zainabu:

Baba, ka ba 'yarka wuri,
In kawo zancen gwaggon biri,
Na tsaunin Birunga, tudu da kwari,
Kongo, Ruwanda, Yuganda, ba kullum ake shiri,
Amma ƙidayarsa tare suke gudanarwa.

A 2018 da aka fito da ƙidaya,
Irinsu na tsauni sun haura 1,000 a duk duniya,
Kawu Isa, masu gadi sun sha wuya,
Sama da 200 aka kashe a gandun Birunga ɗaya,
Inna Rabi, ke ma ga naki nan zuwa.

Tun 2017 Ruwanda ke ware kashi 10,
Na kuɗin baƙi masu zuwa kallo da zama,
Ta ba ƙauyukan gefen daji na manoma,
A gina aji da ɗakin magani, su sami dama,
Mai ɗana tarko jiya, yau shi ke tsarewa.

Malam Isa:

Zainabu, Allah ya yi miki albarka,
Kin taɓo inda na daɗe da shakka,
Hajiya, a kan manomi na sauka,
Ban taɓa kwana ina gadin shuka,
Ina jin karayar kara cikin duhuwa.

Doka kam ina nan a kanta,
Mai fataucin haure bai san yunwa ba, ya san ribarta,
A ɗaure shi, kotu ta yi aikinta,
Amma ga dabara daga Kenya na karanta,
Ki duba ko za ta yi miki gamsarwa.

Giwa duk girmanta tana tsoron zuma,
Harbi a hanci da ido ke sa ta makyarkyata da tsuma,
Sai a rataye amya a kewaye gonar manoma,
Waya ta haɗa su, in ta taɓa su yi ta huma,
Ta juya da gudu, manomi na da zumar sayarwa.

Hajiya Rabi:

Malam, wannan na karɓa hannu biyu,
Manomi ya girbe, giwa ta rayu.

Ka rubuta wa wakilinka, in rubuta wa nawa,
Kalma ɗaya, buƙata ɗaya, kan amya da biyan ɓarnar giwa,
Ran zaɓe kam layinmu ba ya haɗuwa,
Zan yi ta yaƙar jam'iyyarka ba gajiyawa,
Kai ma na san ba ka da niyyar sassautawa.

Asabar da asuba ina bakin tafkin nan,
Tsofaffin komaye sun cika gaɓar can,
Jiya na ƙirga balbela 14 a wurin nan,
Ɗaya tana ɗingishi, na ce ko ita ce waccan,
Ka zo da wuƙarka, ni da buhun kwashewa.